Ranar da Aka Ɗora Ɗantani a Bas

Duk wanda ya zauna a Bodinga ya san Ɗantani mai keke, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri mai tsinin gemu, kullum ƙafar wandonsa ta dama a naɗe take saboda kaca, ko a masallaci yake ko a wurin ɗaurin aure. Asalinsa mutumin Horo Birni ne ta ƙasar Shagari, sana'a ce ta kawo shi nan tun yana saurayi. Ni taubashinsa ne, mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izinin faɗa. In ya ji haushi ya kai ni ƙara.

Sana'arsa gyaran keken ɗinki, amma ba ya zama a shago ya jira a kawo masa. Tun da ƙuruciya ya sayi baƙin keken hawa mai sanda, ya ɗaure akwatin kayan aiki a kariya, ya haɗa da buta da tabarma da famfo, ya kama titin nan da ya yi kudu. Daga Shagari zuwa Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, har Kwantagora, babu telan da bai san ƙararrawarsa ba. Mota kuwa ya raina ta ƙwarai. In an yi masa zancenta sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ba tahiya ta ba, jihwa na. A ɗauke ka nan a jehwa ka can, ba ka ga kowa ba, ba wanda yag gane ka."

Abin da ke cinye masa lokaci ba nisan hanya ba ne, gaisuwa ce. Ɗantani ba ya wuce wanda ya sani, kuma gaisuwarsa ba ta da gajera. Sai ya sauka ya jingine keke, ya kama hannun mutum, ya tambayi gida da iyali da gona, ya tambayi ciwon bayan tsohuwa, ya tambayi jakin da ya ga yana ɗingishi bara. A dokarsa kuma ba shi zai fara zare hannu ba, wai rashin tarbiyya ne. Na taɓa ganin ya haɗu da wani irinsa a kasuwar Shagari, suka riƙe hannun juna tun bayan la'asar, kowa na jiran ɗan'uwansa ya saki, sai kiran sallar magariba ne ya raba su. A kowane gari yana da mai masauki, kuma duk wanda ya taɓa ba shi ruwa ya sha ya shiga cikin waɗanda ba a wucewa.

'Yarsa ta fari, Rashida, tana aure a Ilori, mijinta ɗan garinmu ne mai sayar da albasa a can. Da yake 'yar fari ce, Ɗantani ba ya kama sunanta, kuma ba ya yi mata magana kai tsaye matuƙar akwai wanda zai aika, ko da tana tsaye a gabansa. Wannan kunya ce da muka gada, ba wanda ya ga laifinsa a kanta. Laifin da aka gani na rashin zuwa bikin suna ne. Haihuwarta ta farko a gida ta yi, nan Bodinga, shi kuwa yana Yawuri. Aka aika masa, ya ce ga shi nan tafe, ya iso bayan an yi arba'in. Ta biyu a Ilori, ya hau keke washegarin da labari ya zo, ya haɗu da damina a hanya da wata ta'aziyya a Kwantagora, ya tarar da yaron yana rarrafe. Mu dai dariya muka sha, muna cewa a haka wata rana sai dai ya tarar da kaciya.

Rashida ba ta yi dariya ba. Da ta haihu na uku sai ta kira mahaifiyarta Kaltume a waya, ta ce kada ma a gaya wa Baba, kada ya wahalar da kansa. Ta ce ta daɗe da sanin matsayinta, tana bayan mutanen hanya, kuma daga wannan ta daina sa ido a ƙofa. Kaltume ba mace ba ce mai sassauta magana, haka ta juye masa ita yadda ta ji, ba ta rage komai ba. Ya tashi ya fara sa wa kaca mai. Ita kuwa ba ta tsaya gardama ba. Da za ta tafi wurin mai jego sai ta sa aka kwance tayar gaban kekensa, ta naɗe ta a tsohon zane ta shiga mota da ita, bayan ta bi masu facin garin nan ɗaya bayan ɗaya ta ja musu kunne kada wanda ya ba shi wata.

Ni fataucin albasa nake yi, hanyar Ilori ba baƙuwata ba ce. Ina zaune a rumfata sai ga shi a ƙasa, yana tafiya kamar wanda aka ba aron ƙafafu. Ya gaishe ni gaisuwarsa ta kullum, sannan ya dubi wani gefe ya tambaye ni, wai motocin nan na kudu da wane lokaci suke wucewa. Na ji tausayinsa ya kama ni, amma hakan bai hana ni dariya har da hawaye ba.

Suna ranar Lahadi ne da safe. Na ce mu tashi Laraba, ya ce to. Ashe a ganinsa wanda zai shiga mota ya kamata ya nemi gafarar jama'a tukuna, domin bai san abin da Allah zai yi ba. Ya kama bin gidaje yana sallama, ya je Horo Birni a ƙasa ya yi wa dangi, ya dawo ya tuna da waɗanda ya manta. Haka Laraba ta wuce, Alhamis ta bi ta, Juma'a ya ce ba ya tafiya ran Juma'a. Sai Asabar da sassafe na ja shi zuwa bakin titi, raina a ɓace, domin wannan motar ce ta ƙarshe. In ta kuɓuce mana an yi suna babu shi.

Direban sunansa Lukman, na san shi, tun dare na kira shi ya ajiye mana kujera biyu daga Sakkwato. Da ya tsaya sai na lura da kayan taubashina. Banda jakar tufafi akwai famfon keke a hammatarsa, wai ko taya za ta sace. Akwai kuma wani buhu a cike. Na tambaye shi, ya ce saƙo ne. Mutanen da ya bi yana yi wa sallama, jin cewa zai yi kudu, kowa ya ɗauko abin da ya saba ba shi, wannan ƙullin daddawa na 'yarta a Tambuwal, wancan kuka da kuɓewa na surukarsa a Jega. Shi kuma ya karɓa kamar kullum. Bai zo a ransa ba, su ma bai zo a nasu ba, cewa wannan karon ba shi ke riƙe da birki ba.

Shigarsa motar ma sai da aka sha fama. Ya ɗauki fasinjoji kamar mutanen ƙauyen da ya sauka, ya fara da na kujerar gaba yana miƙa hannu yana tambayar gida. Na dafa bayansa na tura shi ciki har kujerar baya, wurin taga.

Tsakanin Bodinga da Shagari ba nisa, ko zama ba mu gama gyarawa ba ya ɗaga murya ya ce direba ya dakata, akwai gidan da ba ya wucewa. Lukman yaro ne mai ladabi, ya ga furfura, ya taka birki ya ce Baba ya yi sauri. Ya sauka ya nufi wani tsohon tela da ke shara a ƙofar shago. Muna kallo ta taga suka kama hannu. Muna kallo telan ya nuna bayansa, Ɗantani ya girgiza kai don tausayi. Muna kallo aka fito da benci. Nan wata mata da ke kujerar gabanmu, Hajiya Rahama, mai fataucin atamfa zuwa Ikko, ta cire tabarau ta juyo kaina.

Ta ce, "Kai malam, tsohon ga naka na?"

Na ce nawa ne.

Ta ce, "To tahi ka ɗauko abinka. Mu ba ziyara munka hito ba."

Na sauka na ɓamɓare shi kamar kaska, ni na zare masa hannu da kaina. Lukman ya rantse ba zai sake tsayawa ba sai wurin salla da cin abinci, fasinjoji suka ce amin kamar addu'a ya yi.

Daga nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Jikin mutumin nan bai yarda cewa a zaune yake ba. In mota ta kama hawa sai ƙafafunsa su fara tuƙi, gwiwarsa na dukan kujerar Hajiya. In an zo kwana sai ya kwanto a kaina. In ya hango akuya a titi sai babban yatsansa ya fara neman ƙararrawa a kan gwiwata. A wani ɗan tudu ma ya ba da shawara maza su sauka su rage wa motar nauyi.

Da muka shiga Tambuwal ya zaro ƙullin daddawa, ya zura kai ta taga, ya ƙwala kiran sunan gidan da za a kai, ya wurga. Ƙullin ya tashi ya sauka a kan rumfar wani mai shayi da ba ruwansa, ya fashe. Rabin warin ya biyo mu cikin mota. Aka yi masa caa, aka kuma yanke hukunci ba tare da an nemi ra'ayina ba: a raba shi da taga. Aka sa shi tsakiya, ni a dama, ƙunshin atamfar Hajiya a hagu, buhun saƙo a cinyarsa.

Kafin Jega sai dabararsa ta sauya. Tun da ba zai iya gaisuwa ba, to kada a gan shi. Da ya ga gidajen farko na garin sai ya dunƙule ya tura fuska cikin buhun, ya ce in gaya masa in mun fita. Na ce masa ba mai iya gane mutum a motar da ke gudu. Daga cikin buhu ya amsa mini cewa shi dai ya san ya wuce, kuma Allah ya sani. Na so in yi dariya, sai na ga yadda ya riƙe buhun, na fasa.

A Koko aka tsaya sallar azahar da cin abinci. Tun kafin a kashe mota na ji ya ce inna lillahi a hankali. Daidai tsallaken inda muka tsaya akwai rumfar wani mai faci, tsoho tukuf, yana zaune yana goge tif. Yahaya ke nan, mai masaukinsa na garin. Shekarun baya zazzaɓi ya taɓa kada Ɗantani a nan cikin damina, Yahaya ne ya ɗauke shi ya kai gida, ya yi jinyarsa har ya miƙe. Tun daga lokacin bai taɓa shiga Koko bai kwana a zaurensa ba.

Ya yi salla a bayan wata tirela don kada a gan shi. Abinci ya ce ba ya ci. Na ce masa ya tsallaka ya gaishe shi a tsaye ya dawo, ba abin da zai ci lokaci. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce ba a gaida Yahaya a tsaye. Muna cikin haka Yahaya ya ɗago kai. Idonsa ya yi rauni amma bai kai ya kasa gane wando mai ƙafa ɗaya a naɗe ba. Ya jefar da tif ɗin ya miƙe yana kiran sunansa.

Ba yadda za a yi, ya tsallaka, na bi shi. Yahaya ya kama hannunsa da hannu biyu yana dariya yana duba bayansa, yana tambayar ina keken. Bai jira amsa ba ya aika cikin gida a shimfiɗa tabarma, a dama fura, a kama zakaran nan ja. Suka shiga gaisuwa. Sun gama gida sun shiga gona Lukman ya danna ham. Suna kan ciwon ido ya sake dannawa. Na waiwaya na ga fasinjoji duk sun shiga, motar ta fara gangarawa a hankali, Hajiya Rahama ta zuro kai tana yi mini nuni da hannu.

Na ce, "Tobashi, in motag ga ta tashi babu wata sai gobe. Gobe kau an gama."

Bai dube ni ba. Na ga zufa na bin gemunsa. Ni na yanke ƙauna, har na fara tunanin ƙaryar da zan yi wa Kaltume. Sai na ga ya ja numfashi, ya janye hannunsa daga cikin hannuwan tsohon, a hankali, shi da kansa.

Ya ce, "Yahaya, ka yi min gahwara. Ɗiyata ta haihu, gobe suna. Mota nih hau."

Tun da aka haifi yarinyar ban taɓa jin ya ce ɗiyata ba sai ranar. Yahaya ya dubi hannuwansa da suka rage a buɗe, ya dubi motar. Dariyar ta bar fuskarsa.

Ya ce, "Ashe kai ma ka zama mai wucewa. To, Allah shi kiyaye hanya."

Ya koma ya zauna ya ɗauki tif ɗinsa. Muka ruga muka shiga mota tana tafiya.

Daga Koko har muka wuce Yawuri ƙafafun sun daina tuƙi. Bai kuma ƙara ɓoye fuska ba, ya zauna yana kallon garuruwansa suna wucewa. Gaskiya na fi son lokacin da yake ba ni haushi. Hajiya Rahama ta juyo don ta ƙara masa wata maganar, ta ga fuskarsa, ta tambaye ni ko lafiya. Na ba ta labari a taƙaice. Ta buɗe jaka ta miƙo masa dabino, ta ce Baba ya ci ko kaɗan ne. Daga nan ta juya ta koma kan direba. Matar da ta ce ba ziyara ta fito ba ita ce ta hana kowa sakat, wanda ya nemi a tsaya ya sayi rake ta ce ya haƙura, akwai mai suna a cikin motar nan.

Duk da haka hanya ta yi mana halinta. Bayan Makwa muka tarar da cunkoson tireloli, a nan muka kwana. Abin da Ɗantani ya ce kawai shi ne da keke ne da tuni ya ratsa ta gefe, kuma wannan karon ban iya musa masa ba. Da asuba hanya ta buɗe, muka haye gadar Jabba, Lukman ya ba ta wuta, Hajiya na ce masa ya ƙara. Rana ta ɗan ɗaga muka shiga Ilori. Na tare mai babur na ɗora tsohon a baya da famfonsa da buhunsa, yana ta gaya wa mai babur ɗin yadda ake shan kwana.

Mun tarar da maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, ana raba goro, liman yana gyara zama. Rabinsu mutanen Bodinga da Shagari ne mazauna can, duk ya san su, ya san iyayensu. Suka fara miƙo hannuwa. Ya yi musu sallama guda ɗaya ta kowa da kowa, ya ratsa ya zauna kusa da liman. Suka bi shi da kallo baki buɗe, wani ma ya tambaye ni a kunne ko ba shi da lafiya. Aka yi addu'a, aka faɗi suna, Nana Hauwa, yana zaune yana ji da kunnensa, ya shafa fatiha tare da kowa.

Bayan an watse aka shiga da mu ciki. Kaltume ta gan shi ta ce, "Ikon Allah," ta ci gaba da tuƙin tuwonta. Rashida ta fito daga ɗaki da jaririyar a hannu. An gaya mata ya zo amma ba ta yarda ba sai da ta gani. Ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa, ta gaishe shi. Sannan ta yi tambayar da ta saba yi duk zuwansa, muryarta a sanyaye, da ɗan abin da ya rage na fushi a ciki. Ta ce yaya ya baro mutanen hanya.

Ya murza famfon da ke hannunsa. Sannan ya juyo wurina, alhali tana gabansa.

Ya ce, "Hwaɗa mata ban san lahiyarsu ba. Hwaɗa mata wurinta niz zo."

Na buɗe baki zan isar da saƙo, na ga ba bukata. Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Da ta natsu ta matso da gwiwa har gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora masa jaririyar a hannu. Ya saki famfon ya karɓa a tsorace, bai san inda ake tallafe kai ba sai da na gyara masa. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Ashe haka suke 'yan mitsi-mitsi in sun zo."

Kaltume daga bakin murhu ta ce, "Da kana zama gida da ka sani tun dauri."

Jaririyar ta motsa ta fara ƙananan kuka, na ce Rashida ta karɓe ta. Ta girgiza kai tana share ido, ta ce a bar masa ita tukuna.